Yadda ake sa adireshi da gaisuwa a wasiƙar shaidar ɗalibi mai neman jami'a ko makarantar likitanci a ƙasar waje

Ɗalibin da zai shiga jami'a a Najeriya, ko da likitanci zai karanta, ba a tambayarsa wasiƙar malami. Makin JAMB ne da sakamakon WAEC ko NECO, sai tantancewar da jami'ar ta tsara wa kanta. Shi ya sa za ka tarar da malamin da ya shekara 20 da alli a hannu bai taɓa rubuta irin wasiƙar da jami'o'in Amurka da Birtaniya ke nema ba, sai ranar da wani ɗalibinsa ya zo ya durƙusa ya ce, "Malam, rikomendeshan suke so." Yabon yaro ba ya ba malam wahala. Saman takardar ne ke tsayar da shi: sunan wa zan sa, wace makaranta, wace gaisuwa?

Mafi yawan lokaci wasiƙa ɗaya za ka rubuta, na'ura ta raba ta ga makarantu 5 ko 10 ko 20. Don haka kwamiti ake rubuta wa, ba a kama sunan makaranta, kuma sunan ɗalibin da lambobinsa ne ke kai wasiƙar cikin fayil ɗinsa. Kamar saƙon da ake ba direba a tasha ne, abin da aka rubuta a jikin buhun shi ke kai shi hannun mai shi. Na sha rubuta irin waɗannan wasiƙu, na kuma sha duba na abokan aiki kafin su tura, to zan bi da kai yadda nake yi. Malama, har da ke nake.

Abubuwan da za ka tanada

Daga ɓangarenka:

- Takarda mai tambarin makaranta ko asibitin da kake aiki. In da hali ka samu ta kwamfuta, wadda za ka buga rubutu a kanta kai tsaye.
- Kwamfuta da firinta, sai sikana ko waya mai kyamara mai kyau.
- Biro shuɗi ko baƙi, da hatimin ofis.
- Imel ɗin da kake buɗewa kullum. Wanda ke ɗauke da sunan makaranta ya fi, amma na Gmail ma zai yi in babu.
- Ambulan da salatif, in har takarda za a aika da gaske. Yanzu ba kasafai ake yi ba.

Daga ɓangaren ɗalibi, kada ka fara rubutu sai ya kawo maka:

- Hoton shafin fasfonsa mai ɗauke da suna da ranar haihuwa.
- Jerin makarantun da yake nema, kowace da ranar rufe karɓar takardu.
- Takardar neman wasiƙa da tsarin ya fitar masa, mai lambobi, in tsarin yana da ita.
- Sakamakonsa da taƙaitaccen tarihin abin da ya yi bayan ya bar ajinka.

Ka nemi ya ba ka aƙalla wata guda. Wanda ya zo maka ana jibi za a rufe, gaya masa gaskiya cewa abin da zai samu wasiƙar gaggawa ce.

Mataki na 1: Gano hanyar da wasiƙar za ta bi

Wannan tambayar ce ke warware sauran duka, kuma ɗalibai da yawa ba su san amsarta ba sai ka sa sun buɗe shafin a gabanka. Hanyoyin da za ka fi cin karo da su huɗu ne.

Ta farko ita ce Common App, wadda ɗaliban sakandare ke bi don neman digirin farko a Amurka. Tun 1975 aka kafa ta, kuma yau makarantu sama da 1,000 ke karɓar ɗalibai ta nan. Ɗalibi zai sa sunanka da imel ɗinka, saƙon gayyata ya zo maka, ka buɗe shafinka na malami, ka cike fom, ka ɗora wasiƙa. Wannan wasiƙar guda ita za ta je wa duk makarantar da ɗalibin ya haɗa sunanka da ita. Tsarin ya bambanta wasiƙar malamin darasi da ta mai ba ɗalibai shawara, wanda shi ne ke tura sakamako da bayanin makaranta. Makarantunmu da yawa ba su da wannan ofishi, to firinsifal ko mataimakinsa ko fom masta sai ya tsaya a gurbin. Ka tabbatar da wace hular aka gayyace ka kafin ka fara.

Ta biyu ita ce AMCAS, ta masu neman makarantar likitanci a Amurka, wadda ƙungiyar makarantun likitanci ta ƙasar, AAMC, ke gudanarwa. A can ba a shiga likitanci daga sakandare. Sai an gama digirin farko, an rubuta jarrabawar shiga makarantar likitanci mai suna MCAT. Makarantu da yawa ba sa ɗaukar ɗan ƙasar waje, masu ɗauka kuma galibi suna son ya yi wani ɓangare na karatunsa a Amurka ko Kanada. Ke nan in wasiƙar AMCAS ta biyo ta kanka a nan gida, mai yiwuwa kai likita ne da yaron ya bi a asibiti lokacin hutu, ko malamin da ya kula da bincikensa. AMCAS tana karɓar wasiƙu har 10 daga ɗalibi guda, kuma iri uku ta sani: ta mutum ɗaya, ta kwamitin jami'ar da ɗalibi ya yi digiri, da tarin wasiƙu da jami'a ke haɗawa ta tura a dunƙule. Taka ta mutum ɗaya ce. Akwai wasu tsare-tsare biyu masu kama da ita, AACOMAS ta makarantun da ke ba da wani nau'in digirin likitanci da ake kira DO, da TMDSAS ta yawancin makarantun jihar Texas. Ɗalibi ɗaya yana iya neman ka tura wa biyu ko ma ukun.

Ta uku ita ce UCAS ta Birtaniya. A nan shaida ɗaya tak ake buƙata, kuma ba wasiƙa ba ce mai kai da gaisuwa. Gurabe ne a shafi da za ka cike, kashi uku tun daga masu shiga a 2024: bayanin makarantarku, wani uzuri da ya shafi karatun ɗalibin in akwai, sai ƙarin bayani a kansa. Ɗalibi na da zaɓi 5, amma 4 kawai aka yarda su zama likitanci, kuma jami'o'in ba sa ganin inda kuma ya nema. Ka ga in ka kama sunan ɗaya, ka tona wa sauran abin da tsarin ya rufe.

Ta huɗu ita ce makarantar da ke da nata shafin, ko hukumar ba da tallafin karatu. MIT misali ce: ba ta bin Common App, kuma tana neman wasiƙa daga malamin lissafi ko kimiyya, da wata daga malamin harshe ko fannin zamantakewa. A irin wannan ne kaɗai za ka sa cikakken adireshin makaranta. Wasu kuma ba sa son wasiƙa sam a lokacin cike takardu, kamar University of California. Kada ka wahalar da kanka a kan abin da ba za a karanta ba.

Mataki na 2: Daidaita sunan ɗalibi da lambobinsa

Nan ne mu muka fi samun matsala, fiye da malaman can. Yaro ɗaya sai ka ga Muhammad ne a rijistar aji, Mohammed a takardar WAEC, Muhammadu a takardar haihuwa. Yarinya A'isha ce a bakinka, Aishatu ce a fasfo. Wani a makaranta sunan garinsu ne a ƙarshe, a fasfo kuma sunan kakansa. Kai ka san mutum ɗaya ne. Ma'aikacin da ke haɗa dubban takardu a ofishin ɗaukar ɗalibai bai sani ba, kuma ba zai kira ka ya tambaya ba.

Ka kwafi sunan daga fasfo harafi da harafi, sannan ka sa ɗalibin ya nuna maka cewa haka ya rubuta a fom ɗinsa. Sunan yanka ne a gaba, sunan da fasfo ya nuna a matsayin na iyali a ƙarshe. In sunan da ke kan sakamakonsa ya sha bamban da na fasfo, ka faɗa a jimla ɗaya cikin wasiƙar cewa a takardun makaranta da suna kaza aka san shi. Sunan gida ko laƙabin da 'yan aji ke kiransa da shi ba shi da gurbi a nan.

Ga mai bin AMCAS, lambobi biyu ne. Akwai lambar AAMC mai alƙaluma 8, wadda ta ɗalibin ce har abada, da lambar wasiƙa, wadda ta wannan wasiƙar ce kaɗai. Duka biyun suna kan takardar neman wasiƙa da zai turo maka. In mutum uku ne za su rubuta masa, kowa da tasa lambar wasiƙar. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗalibi ya tura wa duka malaman takarda ɗaya, sai wasiƙu su hau kan juna a gurbi guda. Duba ka ga sunanka ne a kan takardar da aka ba ka.

Mataki na 3: Kan takarda, kwanan wata da adireshin ciki

Buga wasiƙar a kan takarda mai tambari. Makarantun likitanci da yawa a Amurka sun sa shi sharaɗi: ba tambari ko ba sa hannu, ba za su ƙirga wasiƙar ba. In ka yi ritaya ko ka sauya wurin aiki, kada ka ari takardar tsohon ofis a ɓoye. Ko dai ka nemi izinin shugaban wurin, ko ka yi amfani da ta inda kake yanzu ka bayyana a ciki inda ka koyar da yaron. In babu ko ɗaya, ka buga sunanka, muƙaminka, adireshi, imel da lambar waya a saman farar takarda, amma ɗalibin ya fara tambayar makarantar ko za ta karɓa.

Lambar waya ka sa mata lambar ƙasa: +234 a Najeriya, +227 a Nijar, +233 a Gana.

Kwanan wata kuma a rubuta sunan watan da haruffa. In ka sa 3/10/2025, mu a wurinmu 3 ga Oktoba ne, Ba'amurke kuwa 10 ga Maris zai karanta, don su wata suke fara sawa. "October 3, 2025" ya raba gardama. Haka za ka yi wa ranar haihuwar ɗalibi.

Sai adireshin wanda ake rubuta wa, wanda muka saba sawa a hagu tun darasin rubuta wasiƙa a firamare. In wasiƙar ta Common App ce ko AMCAS, tsallake shi gaba ɗaya. Daga kwanan wata sai layin batu sai gaisuwa. Hannu zai yi maka ƙaiƙayi don gurbin ya zauna fanko, ka bar shi haka. Kada kuma ka sa adireshin AAMC ko na Common App, su 'yan aike ne, ba su za su karanta ba.

In kuwa makaranta ɗaya ce, ka jera haka: sunan ofishi, wato "Office of Admissions" ko yadda suka kira shi, sai sunan makarantar a cike, titi, gari da jiha da lambar yanki, sannan ƙasa. Ka kwafo daga shafin makarantar, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa, saboda sunayen jami'o'in Amurka suna da ruɗani. Washington University tana St. Louis a jihar Missouri, University of Washington kuwa tana Seattle. University of Pennsylvania daban, Pennsylvania State University daban. Miami University a Ohio take, wadda ke Florida ita ce University of Miami. Kuma makarantar likitanci tana da ofishinta na ɗaukar ɗalibai daban da na masu digirin farko, wani lokaci ma a wata unguwar.

Mataki na 4: Layin gaisuwa

Ga abin da nake sawa, gwargwadon hanya:

- Digirin farko, makarantu da yawa: "Dear Admissions Committee:"
- Makarantar likitanci: "Dear Medical School Admissions Committee:" ko wadda ke sama ma ta wadatar.
- Tallafin karatu: "Dear Scholarship Selection Committee:"
- Likitan da ya gama MBBS a nan yana neman gurbin horon ƙwarewa a Amurka ta tsarin ERAS: "Dear Program Director:" A ciki ka ambaci fannin da yake nema, ban da sunan asibiti.

Amurkawa ɗigo biyu suke sawa bayan gaisuwar wasiƙar aiki, Turawan Ingila waƙafi. Ba wanda zai ƙi ɗalibi a kan wannan, amma tunda ka sani ka bi.

"Dear Sir" ɗin da muka taso da ita ka ajiye ta. Kwamitin maza da mata ne, kuma sau da yawa macen ce shugaba. "To Whom It May Concern" ba laifi ba ce, ana karɓa, sai dai ni ba na son ta. Da ita ake buɗe testimoniyal, takardar nan da ake ba kowane ɗalibi ranar barin makaranta, mai cewa yaro ne mai ladabi da biyayya. Mai karatu da ya ga wannan gaisuwar zai zaci irin takardar ce aka ciro daga durowa. Testimoniyal ɗin kanta kuma ba ta maye gurbin wasiƙar shaida, ko da ɗalibi ya ce maka ai duk ɗaya ne.

Yaushe ake kama sunan mutum? Sai in umarnin makarantar ya ce a rubuta wa wane, ko kuma ɗalibi na neman aiki da wani farfesa takamaimai. A nan ma ka duba shafinsu a ranar, don shugabannin ofis suna sauyawa. Laƙabi ɗaya ake sawa da sunan ƙarshe: "Dear Dr." ko "Dear Professor" sai sunan. Jera laƙabi uku a gaban suna girmamawa ce a wurinmu, a can kuwa baƙon abu ne. In mace ce ba ka san laƙabinta ba, "Ms." ake sawa. In sunan bai nuna maka namiji ne ko mace ba, koma kan kwamiti ka huta.

AMCAS ta ba da dama a yi wasiƙa ta musamman ga makaranta guda. Ɗalibi zai buɗe mata gurbi daban da lambarta daban, ya haɗa ta da wannan makarantar kaɗai. In ka yarda za ka yi haka, wasiƙu biyu ke nan a hannunka masu lamba biyu, ta kowa da kowa da ta musamman. Ka sa wa fayilolin suna yadda ba za su ruɗe maka ba, domin da zarar AMCAS ta karɓi wasiƙa ba a gogewa, ba a sauyawa.

Mataki na 5: Layin batu da sakin layi na farko

Tsakanin kwanan wata da gaisuwa ka sa layi ɗaya mai farawa da "Re:", sai cikakken sunan ɗalibi. Ga mai AMCAS ka biyo da lambobin nan biyu. Ga sauran, ranar haihuwa ko lambar da makarantar ta ba shi. In wasiƙar ta kai shafi biyu, maimaita sunan a saman shafi na biyu.

Sakin layi na farko shi ma ɓangaren adireshi ne a ganina, don a nan mai karatu ke sanin wa ke magana. Faɗi ko kai wane ne, me ka koyar da ɗalibin, a wane aji, tsawon wane lokaci. Ka fassara masa tsarinmu a taƙaice: SS2 daidai take da aji na 11 a Amurka, A1 ita ce ƙololuwa a WAEC, makin digiri a yawancin jami'o'inmu a kan 5 ake auna shi, nasu a kan 4. In za ka ce yana cikin na gaba-gaba, faɗi cikin mutum nawa.

Kula da sunan abin da yake nema. Kada ka rubuta wa makarantar Amurka cewa kana goyon bayan a ɗauke shi MBBS, su MD suke bayarwa. In wasiƙar za ta je AMCAS da AACOMAS duka, kada ka ce MD ma, tunda makarantun AACOMAS digirin DO suke bayarwa, ka ce "medical school" kawai. A Birtaniya wasu jami'o'i MBBS suke kira, wasu MBChB, to "Medicine" ta game su.

Mataki na 6: Tsefe cikin wasiƙar

Bayan ka gama rubutu, karanta daga sama har ƙasa kana farautar abu uku. Na ɗaya sunan makaranta ko gari da ya sulale ciki, irin "ya daɗe yana burin karatu a Boston", alhali takardar za ta je Chicago ma. Inda kake son ambaton makaranta, "your institution" ko "your program" sun isa. Na biyu, in a kan tsohuwar wasiƙa ka gina sabuwa, sa kwamfuta ta nemo maka sunan ɗalibin baya da kowane "he" da "she". Wasiƙar da ta fara da yabon yarinya ta ƙare da "shi" ta gama faɗa wa kwamiti yadda aka yi ta. Na uku, sirrin ɗalibi: rashin lafiya, maraici, talaucin gida. Irin wannan yana iya taimaka masa, amma sai da izininsa za ka sa.

Shafi ɗaya ya ishi wasiƙar digirin farko. Ta likitanci tana iya kaiwa biyu. Abin da ka gani da idonka ka rubuta, kamar ranar da ya tsaya bayan an tashi yana maimaita gwajin da ya ƙi fitowa. Maki suna da shi a takardar sakamako.

In da Faransanci ka rubuta, kamar yadda malamai a Nijar ko Kamaru za su yi, a haɗa asalin da fassarar Turanci wadda mai fassara da hukuma ta sani ya sa wa hannu. Ɗalibin ba shi zai fassara ba.

Mataki na 7: Rufewa da sa hannu

"Sincerely," ta wadatar ko'ina. Bar gurbin layi uku ko huɗu, sai sunanka, muƙaminka da sashenka. Fitar da takardar, sa hannu da biro, buga hatimi a gefe yadda tawadar ba za ta rufe sa hannun ko rubutu ba. Sannan ka mayar da ita PDF.

In babu sikana, waya za ta yi. Shimfiɗa takardar a kan tebur kusa da taga da rana, ka tsaya ta gefen da inuwar hannunka ba za ta faɗa kanta ba, ka yi amfani da manhajar sikanin da ke daidaita kusurwoyi. Hoton da aka ɗauka a kan tabarma, gefen yatsa na leƙowa, ba ya yi wa wasiƙa kwarjini. Buɗe fayil ɗin ka ƙara girmansa ka ga lambobin suna karantuwa. In a shagon kwamfuta ka yi aikin, tsaya a goge fayil ɗin a gabanka.

Mataki na 8: Sirrin wasiƙa

Amurka tana da dokar 1974 da ake kira FERPA, wadda ta ba ɗalibi haƙƙin ganin takardunsa a makarantar da ya shiga, har da wasiƙun shaida, sai in ya sa hannu ya yafe. Common App tana tambayarsa wannan kafin ya gayyaci malamai, kuma za ka ga abin da ya zaɓa. Ina ba ɗalibai shawara su yafe, don kwamiti ya fi gaskata wasiƙar da ya san mai ita bai gani ba. Birtaniya kuwa ɗalibi na iya neman kwafin abin da aka rubuta a kansa daga UCAS, to ka rubuta abin da za ka iya maimaitawa a gabansa.

Akwai al'adar da ta zama ruwan dare: malam ya ce wa yaro, "Je ka rubuto in sa hannu," ko ya tura masa saƙon gayyatar ya ce ya ɗora da kansa. Kada ka yi. Masu karatun suna da rubutun yaron a gabansu, salon zai nuna. In aka gano daga hannun ɗalibi wasiƙar ta fito, takardunsa duka na iya shiga bincike, kuma sunan makarantarku ya ɓaci ga na bayansa. Ɗan'uwa ma ba ya rubuta wa ɗan'uwa. In kai kawun yaron ne, ko da kai ka koya masa kimiyyar, miƙa wa wani malamin.

Mataki na 9: Turawa

Ta intanet: buɗe saƙon gayyata daga imel ɗinka. In ba ka gan shi ba, leƙa akwatin tarkacen saƙonni kafin ka ce bai zo ba, sannan ka sa ɗalibi ya duba ko ya yi kuskuren harafi a adireshinka. Ɗora fayil, buɗe samfurin da shafin zai nuna maka, tabbatar na wannan ɗalibin ne, sannan ka danna turawa. Wasiƙar likitanci ana ɗora ta a shafin marubuta wasiƙa na AMCAS, ko ta Interfolio, wani kamfani da ke ajiye wa ɗalibi wasiƙu a rufe ya tura inda ya ce. Ɗalibin ne zai gaya maka wanda ya zaɓa.

Ta ambulan, in makaranta ta nace: adireshinka a kusurwar hagu ta sama, nasu a tsakiya, "USA" ko "United Kingdom" a layin ƙarshe. Jihohin Amurka da haruffa biyu ake taƙaita su, kuma suna kama da juna: MA Massachusetts ce, MD Maryland, MI Michigan, MO Missouri. Liƙe ambulan ɗin, sa hannu a kan bakin da ka liƙe yadda rabin sa hannun zai hau murfin rabi ya sauka ƙasa, buga hatimi, bi da salatif a kai. Haka ake gane ba a buɗe ba. In kamfanin kai saƙo irin DHL za a ba, ka nemi adireshin titi da lambar wayar ofishin, don galibi ba sa kai kaya akwatin gidan waya. Karɓi lambar bin sawu ka tura wa ɗalibin.

Mataki na 10: Wa'adi da abin da ke biyo baya

Masu neman shiga da wuri a Amurka yawanci 1 ko 15 ga Nuwamba ake rufe musu, sauran kuma farkon Janairu. AMCAS a watan Mayu take buɗewa, kuma makarantu da yawa suna duba takardu ne bi da bi yadda suka cika, don haka wasiƙar da ta makara tana jan ɗalibi baya ko wa'adi bai cika ba. Likitanci a Birtaniya, da Oxford da Cambridge, 15 ga Oktoba ne da ƙarfe 6 na yamma agogonsu, wanda a wannan ranar daidai yake da agogon Najeriya da Nijar. A nan nauyin ya fi yawa a wuyanka, domin takardun ɗalibi ba sa tafiya UCAS sai shaidarka ta kammala. Da yanayin wuta da sabis ɗinmu, ka gama da kwana uku a gaba.

Bayan ka tura, sa ɗalibi ya duba shafinsa ya ga an nuna an karɓa. Ajiye kwafi biyu, mai sa hannu da wanda za ka iya gyarawa. In bai samu gurbi ba ya dawo baɗi, AMCAS ba ta ɗauko wasiƙun bara, sai an sake turawa da sabuwar lambar wasiƙa. Sauya kwanan wata, ƙara abin da ya yi a cikin shekarar, sannan ka sake neman jerin makarantunsa, don mai yiwuwa wannan karon ta wata hanyar zai bi.